Fitilun Akori-kurar Baba

Jiya da hantsi ina tsaye a kicin sai na ji ƙaurin waya. Soket ɗin da muke jona butar lantarki ne ya narke, ba wani abin tayar da hankali ba, amma ƙaurin nan na robar da ta sha wuta sai da ya zaunar da ni a kujera. Ban san abin da ƙaurin waya ke tuna maka ba, kai mai karatu. Ni dai Illela yake mayar da ni, ƙofar gidanmu, wata damina, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, ina tsaye jikin bangon zaure gabana yana faɗuwa.

Babana direba ne. Yana da tsohuwar akori-kura fara, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, har Kaka takan ce in riƙa gaishe ta in na tashi da safe tunda yayata ce. Da ita yake kwaso gero da wake da albasa daga Garu da Gidan Katta da Darna zuwa kasuwa, ya kuma mayar da mutane ƙauyukansu in an tashi. Sau da yawa magariba a hanya take riskarsa. Duk abin da muka ci a gidan nan daga bayan motar nan ya fito, kuma ko mu yara mun san haka, don ranar da ta ƙi tashi ko miyar Inna sai ta nuna.

Sai na faɗa maka wani abu kafin ka gane sauran labarin. Ni ce 'yar fari. A gidanmu kuwa kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, Baba ma haka. A ɗakin Kaka, mahaifiyarsa, na tashi, a cikin gida ɗaya da su amma kamar 'yar maƙwabta. In Baba yana son in kawo masa ruwa, sai ya dubi iska ya ce a ce wa yarinyar nan ta kawo ruwa, alhali ina tsaye gabansa. In ta kama dole, sai ya ce "ke". Ni ma ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba, balle in fara yi masa magana. Ba ƙiyayya ba ce, na san yana sona, don tsiren da yake ajiye wa Kaka kullum ya fi ƙarfin haƙoranta, kuma ya san wanda ke cinyewa.

A daminar nan ne fitilun motar suka fara rashin ji. Ta hagu takan yi ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa, in an faɗa rami ta ɗauke, in an faɗa wani ramin ta dawo. In ya sa ful, wato hasken nesa, sai ta dama ita ma ta rage. Baba mutum ne da ba ya son hannun wani a motarsa, don haka da kansa ya fara. Ya sauya ƙwan fitila, ba ta sauya zani ba. Ya ciro fiyus ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga su sama yana leƙawa, ya naɗe wani da takardar sigari mai ƙyalli kamar yadda direbobi ke yi. Ya kwance kan batir ya kankare farin garin nan da ke taruwa a kai, ya wanke da ruwan zafi, ya ɗaure tam. Duk a banza.

Gwaji kuwa sai rana ta faɗi. Yana dawowa daga sallar magariba sai ya juyo da hancin motar ya fuskanci bangon zaure, ya shiga ya zauna ya kunna. Dole a sami wanda zai tsaya a waje ya ga wacce ta kama, wacce ta ƙi. Ƙannena maza a lokacin ba su san dama da hagu ba, sai aikin ya faɗo kaina. Ina tsayawa a gefe, sauro na cizona, cinnaku na hawa ƙafata, kwaɗi na ta kuka a kududdufin bayan gida. Shi kuma ya yi tambaya yana kallon sitiyari, kamar da shi yake:

"Ta kama?"

In ce, "Ta dama ta kama. Ta hagu ja take."

Iyakar hirarmu ke nan, amma wallahi ina jin daɗinta. Yarinyar da ubanta bai taɓa tambayarta komai ba, ga shi kullum yana jiran abin da za ta ce.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya sauke girman kai ya kira mai gyaran wayar mota, wanda ake ce wa rewaya. Wani siririn mutum ne daga Ƙonni, mai yawan murmushi, kayan aikinsa duka a cikin tsohuwar jakar makaranta. Bai taɓa ƙwan fitila ba, bai kalli fiyus ba. Ya fito da wani ɗan ƙwan gwaji da aka ɗaura wa waya biyu, yana dangwala nan yana dangwala can, yana kallon inda zai yi haske da inda zai dushe. Can ya cusa kai bayan fitilar hagu ya daɗe, sannan ya ɗago yana dariya.

Ya ce, "Maigida, ga ɓarawon nan. Mas ta."

Mas, a bakinsu na can, ita ce wayar da ke ɗaure a ƙarfen jikin mota. Ya yi wa Baba bayani, ni kuma na kasa kunne: wuta in ta fita daga batir ta shiga fitila, sai ta sami hanyar komawa, kuma ta ƙarfen mota take komawa. Ruwan damina ya shiga, tsatsa ta cinye wurin da aka ɗaure wayar, shi ya sa wutar ke wucewa da ƙyar. Ya kwance notin, ya goge wurin da samfefa har ƙarfen ya yi fari, ya yanke ruɓaɓɓen bakin wayar, ya ɗaure sabo, ya naɗe da baƙin salatif, ya shafa ɗan giris. Ya yi wa ta dama haka. Aikin bai kai a dafa shinkafa ba.

Aka jira magariba. Baba ya shiga ya kunna.

Ban taɓa ganin bangon zaurenmu haka ba. Haske fari tas, har ina ganin sawun yatsun maginin da ya yi yaɓe, ina ganin ƙadangare a maƙale can sama, ina ganin ƙwari suna ta rububi. Na buɗe baki zan ce alhamdu lillahi, sai na ji muryar Baba daga cikin mota.

"Har yanzu da saura. Ja take."

Rewaya ya dubi bango, ya dubi Baba, murmushinsa ya tsaya. Ni kuma na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi a baya. Baba ya ɗan leƙo, ba ni yake kallo ba, ya ce:

"Ke, mi kig gani?"

To me zan ce? Babba ya ce ja, gaban baƙo, ni 'yar fari in ce fari? Tun muna goye ake karanta mana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ba wanda ya taɓa koya mana abin da yaro zai yi in shi ne ya hango. Na sunkuyar da kai na ce, "Da saura."

Rewaya ya sosa ƙeya ya ce, "To, a bari ta kwana, wataƙila batir na." Shi ma bai ga dalilin da zai ja da mai mota ba. Ya tattara jakarsa ya tafi, kuma da zai wuce ni ya dube ni wani irin kallo da har yau ban manta ba. Wannan ita ce ƙaryar da ta fi kowace tsada a rayuwata, kuma da ladabi na yi ta.

Daga ranar nan Baba ya shiga farautar cutar da babu ita. Ya kai batir caji. Ya kwance makunnin fitila ya wanke da fetur. Ya bi wayoyin nan tun daga sitiyari har hanci yana feɗe tsohon salatif, yana neman inda ta karye. Wata rana ya haɗa wasu biyu da ba su da dangantaka, hayaƙi ya turnuƙe, ƙaurin roba ya cika unguwa, shi ne ƙaurin da na ji jiya. Ƙarshe ya samo wata fitila ta uku, zagayayya, ta tsohuwar babbar mota, ya ɗaure ta a tsakiya. Yaran unguwa suka sa wa motar suna mai ido uku. In ya kunna duka, mutanen da ke zaune a dakali sai sun kare fuska da hannu. Shi kuwa sai ya girgiza kai ya ce kayan yanzu ba su da aminci.

Kullum kuma sai ya tambaya, kullum sai in ce da saura. Ƙarya in ka yi ta sau ɗaya, sai ta riƙa zuwa karɓar abinci kowace rana.

Sai na fara lura da abubuwan da da ban kula da su ba. In ya fito da asuba sai ya yi ta laluben takalminsa da ƙafa, alhali ga su nan gabansa. Ya yi tuntuɓe da buta sau biyu a wuri ɗaya, ya yi wa ƙannena faɗa cewa suna barin kaya a hanya. Da rana kuwa lafiyarsa lau, har allura yakan zura wa Kaka. Rana na faɗuwa sai ya zama wani mutum, mai tafiya a hankali yana dafa bango. Na tabbata Inna ta gani, don ta koma kawar da turmi da kujeru daga tsakar gida tun la'asar, ba ta ce wa kowa komai ba. Amma ita a ɗaka take, ba ta ga bangon zaure ba, ba ta san fitilun sun warke ba. Ni kaɗai na haɗa biyun.

Tsoro ya hana ni sakat. In magariba ta yi bai dawo ba, sai in kasa haɗiye tuwo. Ina zaune ina kasa kunne, duk ƙarar da na ji daga titi sai in ce ita ce. Ina tuna matan da ke zama a bayan motar da jarirai a goye, da ramukan hanyar Garu, da raƙuman da ke tafiya a gefen titi ba fitila ba ƙararrawa. In na faɗa, na ce ubana ya fara makancewa, kuma na san direban da aka ce ba ya gani ya gama ɗaukar fasinja a garin nan. In na yi shiru, ranar da aka kawo mummunan labari da hannuna a ciki. Sau ɗaya na gwada Kaka, tunda ita ce abokiyar wasata. Muna shirin kwanciya na ce, "Kaka, anya ba idon Baba ne ba?"

Ta ce, "Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Kwanta."

Na kwanta. Ita ma idonta ya daɗe da yin hazo, ba ta da abin da za ta auna maganata da shi, kuma wace uwa ke son jin haka game da ɗanta?

Ranar da asiri ya tonu, bikin suna muka je Garu, gidan ƙanwar Kaka. Baba ya kai mu da safe, ya ce zai dawo da la'asar mu koma da sauran rana. Sai hadari ya haɗo, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba mu tashi ba sai da aka yi sallar magariba. Bayan motar ya cika da 'yan suna, mata da yara da kwanuka. Ni da Kaka muna gaba, ni a tsakiya, giya tana bugun gwiwata. Tunda nake ban taɓa zama kusa da Baba haka ba.

Ya kunna idanun nan uku. Hanya ta fito tas, jan laka tana sheƙi, ruwa kwance a ramuka, gero a tsaye dama da hagu ya fi mutum tsawo. Ni ina ganin komai. Shi kuwa ya manna ƙirji da sitiyari, ya miƙa wuya, yana goge gilashi da hannun riga. Muka faɗa wani rami da na hango tun daga nesa, matan baya suka yi salati. Ya yi tsaki ya ce, "Wagga hitila za ta kashe mutum." Na damƙe zanin Kaka.

Sai na hango amalanke. Tana tsaye a tsakiyar hanya, ƙafarta ɗaya ta nutse a laka, an lafta mata ciyawa. Wani dattijo yana jan jakin da aka ɗaura mata, yara biyu suna zaune a saman ciyawar sun kare idanu saboda haskenmu. Na jira Baba ya rage gudu. Bai rage ba. Na saci kallon ƙafarsa, tana kan totur. Na ce a raina yanzu zai gani, yanzu zai gani. Har na fara ganin farar hular ƙaramin yaron, da bakinsa a buɗe.

"Baba, tsaya! Amalanke! Baba!"

Ban san ina da irin wannan murya ba. Ya taka birki, motar ta ja da gefe a cikin laka, kwanuka suka zube, Kaka ta bugi gaban mota da goshi. Muka tsaya. Tsakanin fitilar nan ta uku da ciyawar bai fi kamu biyu ba, har ina jin numfashin jakin.

Aka yi ta innalillahi. Dattijon ya zo yana faɗa, yana cewa wannan haske duka, ko makaho ai ya gan su. Baba ya buɗe ƙofa. Ya fita, ya ɗaga bonet, ya fara taɓa wayoyi a cikin duhu. Ina kallonsa ta ƙasan bonet ɗin, babban mutum yana neman abin da zai ɗora wa laifi, sai hawaye suka zubo mini.

Kaka ta daɗe tana dafe da goshi. Sannan ta juyo ta ce mini, a hankali, "Hwaɗi mani gaskiya. Hitilun ga suna da haske?"

Na ce, "Suna da shi, Kaka. Tun ranar da mutumin Ƙonni ya gyara. Ƙarya nike yi."

Ta leƙa ta taga ta kira shi da sunan da ita kaɗai ke kiransa. Ta ce, "Ruhe motag ga ka taho. Ka bar jaki kana bugun taiki. Hitila lahiyatta lau, idonka na."

Ya tsaya riƙe da bonet ɗin. Na tabbata ya ji abin da na ce, don gilashin a sauke yake. Na jira faɗa, na jira mari, na jira ma ya ce in sauka. Sai ya sauke bonet a hankali, ya je ya sa kafaɗa aka ture amalanken, ya ba dattijon haƙuri, ya dawo ya zauna. Bai tayar da motar ba. A baya jarirai na kuka, kuma ba wani direba a cikinmu, ga dare na ƙara shigowa.

Sai ya juyo ya dube ni. Ido cikin ido, karo na farko.

Ya ce, "Ɗiyata, ke ka gani. Hwaɗa mani hanya."

Haka muka taho Illela a giya ta ɗaya. Ina cewa rami a dama, ya kauce. Ina cewa ruwa a gaba, bi hagu, ya bi. Ina cewa mai keke, ya yi ham. Duk abin da na faɗa sai ya ce "to". Tafiyar da ba ta da wani nisa ta zama kamar ba za ta ƙare ba, wuyana ya sage, idanuna suna zafi don na ƙi ƙiftawa. Da muka tsaya ƙofar gida hasken ya sauka a bangon zaure, ya zauna yana kallonsa, sannan ya tambaye ni ko da gaske fari ne. Na ce fari ne tas. Ya kashe.

Kaka ta ce dundumi ne, makantar dare, ta sa aka yi ta gasa masa hanta. Ya ci har ta gundure shi, ba a ga canji ba. Daga baya Kawu ya kai shi asibitin ido a Sakkwato, aka ce yanar ido ce ta fara rufe idanun, aka yi masa aiki a ɗaya. Ya samu sauƙi, amma bai sake bari magariba ta same shi a hanya ba. Fasinjojin yamma suka koma wa wasu, miyar Inna ta daɗe ba ta ga nama ba, ba kuwa wanda ya mutu. Ya kwance fitilar nan ta uku da hannunsa ya rataye ta a zaure, tana nan har ya bar duniya. Bai taɓa yi mini faɗan ƙaryar ba, bai kuma taɓa gode mini ba. Ya koma "ke" ɗinsa kamar ba a yi komai ba. Sai dai in gari ya yi duhu zai ƙetare tsakar gida, ni yake nema ya dafa kafaɗata.

Yanzu zamani ya juya. Motocin yau ba a feɗe musu waya a ƙofar gida, na'ura ake jona musu ta faɗi abin da ke damunsu. Kunyar ɗan fari ma ta zama labari. Tawa 'yar farin, sunanta a bakina ya fi sau ashirin a wuni, kuma ba ta san wani abu wai shi sunkuyar da kai ba. Na sha yin ƙorafi cewa yaran yanzu idonsu a tsakar ka yake, kuma ban janye ba.

Amma bari in ƙarasa maka zancen jiya. Da mai gyara ya zo sauya soket ɗin, sai na ce ya sauya mini ƙwan kicin ma, don wannan ne na uku da na saya a wata biyu kuma duk ba su da haske, kayan yanzu ba aminci. Ina rufe baki na ji maganar ta yi mini kama da ta wani. Mai gyara ya dubi ƙwan, ya dube ni, ya sosa ƙeya. 'Yata tana yanka albasa, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Mama, ƙwan nan lafiyarsa lau. Idonki ne, tun bara nake faɗa miki."

Raina ya ɓaci, har na buɗe baki zan ce mata ba ta da kunya. Sai na tuna yarinyar nan ta jikin bangon zaure, da abin da kunya ta kusa jawo mata. Na ce wa mai gyara ya bar ƙwan. Jibi za mu je asibitin ido, kuma ita za ta tuƙa.